Faɗuwar Daular Wata

Sun ce ba za a taɓa cin Daular Wata ba. Banufe maƙeri ya faɗa, Bayarabe mai sayar da ƙyalle ya faɗa, masu tsayawa kallo ma suka riƙa maimaitawa. Ni kuwa ban musa wa kowa ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar Turawa a kujera daga bakin teku zuwa unguwar Felurinyo da ke kan tudu ya san ba a hawan tudu da gudu.

Wasan namu ne, mu tsofaffin da muka fanshi kanmu a birnin Bahiya, can ƙetaren teku inda aka kawo mu bauta. Bayan na ajiye shugabancin 'yan dako, mukan taru ran Lahadi da la'asar a bayan maƙerar Banufe. A can muka baza farin yashin bakin tekun Itafuwa a kan wani faffaɗan katako, muka zana sararin samaniya, muka raba shi dauloli huɗu. Banufe ke riƙe da Gamzaki, Bayarabe ke da Zara, ni ke da Kaza da 'Ya'yanta. Rundunar kowa wuri ne, irin na kuɗi, kowane wuri tauraro. In magariba ta yi sai a rufe katakon, a ɗora wani mako. Babbar dokar ita ce ta goro. Ba a ƙulla ƙawance da fatar baki, sai an fasa goro an ci tare. In aka taɓa wanda ka ci goro da shi, wajibi ne ka fitar da runduna. Wanda ya noƙe ya ci amana: a share sararinsa, ya tashi daga tabarma, ba ya sake zama har abada.

Mai Daular Wata wani wanzami ne, mai laushin murya. Dabararsa guda ce: ya ci goro da Banufe, ya ci da Bayarabe. Saboda haka in na kai masa hari, dauloli uku za su rufe ni. Ya sha miƙo mini nawa ɓarin, ni kuma in ce haƙorana sun gaza.

Ba haƙora ba ne. A shekarar da Musulmi suka yi tawaye a Gangaren Farasa, sojoji suka bi gida gida suna neman duk mai allo ko farar riga. Wannan wanzami shi ya nuna musu ƙofar yayana, wanda ya sha cin goro da shi. Yayana ya cika a ƙarƙashin bulala. Babu alƙalin da zan kai wa ƙara, hannuna kuma ya tsufa. Tabarmar nan ita kaɗai ce inda ake ce wa wanzami malam a matsa masa wuri, ita na ƙudura zan raba shi da ita.

Na daɗe ina duban katakon kafin in ga ɓarakar. Banufe da Bayarabe ba su taɓa cin goro da juna ba, domin kowannensu ya jingina da Wata. Taurarina ne suka raba iyakarsu. Sai na fara janyewa, yau in ɗauke wuri guda, wani mako in ɗauke wani, kamar tsohon da lissafi ya kuɓuce masa.

Banufe, da yake abokin wasana ne, ya ce, “Bakatsine bawana, tsufa ne ko tsoro?”

Na ce, “Ubangijin da ba ya iya cike filin da bawansa ya bari, ai sunan banza ne.”

Ya tura wuri guda cikin filin don kada a yi masa dariya. Bayarabe ya ga tauraron Gamzaki a bakin ƙofarsa, ya jera nasa, ya rantse tsaro kawai yake yi. Banufe ya ga jerin, ya ƙaro. Babu mai nufin yaƙi a cikinsu, kowa tsoron ɗan'uwansa yake ji. Wanzami ya hango inda aka dosa, ya shiga lallashi, ni kuwa ina gefe ina jan carbi. Ranar da filin ya cika, Banufe ya rasa inda zai sa hannu, sai ya cinye tauraron Zara.

Bayarabe ya juya ya ce, “Malam, an taɓa ni. Fito da runduna.”

Bayarabe ya rama nan take, Banufe kuma ya ce, “Ni ma ga shi an taɓa ni, malam. Goronka yana cikina.”

Wanzami ya ɗaga hannu a kan wurinsa, hannun ya tsaya a sama. Duk wanda ya taimaka, ya ci amanar ɗayan. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Haba jama'a, ai wasa ne.”

Na ajiye carbi na ce, “Yayana ma ya ci goronka. Shi ma wasa ne?”

Duk tsofaffin wurin sun san zancen, shiru kawai suka yi shekara da shekaru. Banufe ya miƙa tafinsa mai kanta ya share Daular Wata daga kan yashi. Wanzami ya miƙe ya fita ba takalmi, shi da yake alfahari da takalminsa fiye da kowane 'yantacce a birnin, inda bawa ba ya sa takalmi. Na ga takalmin a gefen tabarma, ban kira shi ba. Ban yafe ba, ban kuma yi nadama ba.

Wanda duk ya gaji katakon nan, ya sa a sassaƙa a gefensa: Lahadin ƙarshe ta watan Safar, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin ƙasar Faragwai.