Ƙyauren Kawu

Kawuna kafinta ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yabi gida don fenti ko girma ba. Ƙyaure kawai yake dubawa. In ya je gaisuwa, kafin ya tambayi lafiyar mai gida sai ya buɗe ƙyaure ya rufe, ya girgiza kai.

Ranar da ambaliya ta cinye unguwarmu, kowa ya ɗauki abin da yake ganin zai amfane shi. Kawu ya fito da ƙyauren ɗakinsa a ka. Ya bar rediyo, ya bar katifa, ya bar tukwanen matarsa. Har yau matar Kawu ba ta yafe masa ba, kuma ni dai ban ga laifinta ba.

Ƙaramar hukuma ta zuba mu a wani tsohon sito, ta ba Kawu aikin yanka shi ɗaki-ɗaki da katako, kowane iyali da nasu. Bango ya tashi, sai aka ce kuɗin ƙyaure sai kashi na biyu. Muka rataya zannuwa. Zane kuwa me zai tare? Iska ta ɗaga, yara su bankaɗe, maƙwabci ya leƙo neman gishiri kana tsakiyar saka wando.

Nan fa ƙyauren Kawu ya zama ɗan gata. Ya kafa wa kowane ɗaki ƙarfen ratayewa, ya shiga ba da aro. Mai jego ta riƙe shi sati guda. Wani tela ya karɓa ranar da surukansa suka zo. Wani direba ma ya zo aro ido jajir, Kawu ya ɗaura masa, direban ya koma ciki ya ƙarasa faɗa da matarsa, ya fito ya bugo shi garam, sannan ya ce, "Na gode, Kawu, cire abinka."

Sai labari ya zo cewa kansila zai kawo ziyara, kuma abin da ya gani da idonsa shi zai sa a saki kuɗin ko a hana. Muka yi taro muka yanke shawara: ranar a ɓoye ƙyauren, a kwance zannuwan ma, mutumin nan ya ga halin da muke ciki. Kawu da bakinsa ya ce wanda ya saɓa ba ɗan goyon kirki ba ne.

Da safen ranar, Iya ta tare shi. Tsohuwa ce mai ɗakin farko a bakin shiga, ita da jikokinta, ba ta taɓa neman aron komai ba. Ta ce, "Ɗan nan, an ce da masu ɗaukar hoto za su zo. Katifata ta yage, ga kwanukana a ƙasa. Ka rufa mini asiri yau kaɗai."

Wallahi ina tsaye ina yi masa alama da ido kamar idon zai faɗo. Ya kalle ni, ya kalli Iya, ya tafi ya ɗauko ƙyauren ya ɗaura mata.

Kansila ya iso a gaggauce, wai yana da wani taron. Abin da ya fara cin karo da shi ƙyauren nan ne, ya sha goge yana ƙyalli. Ya shafa shi, ya ce, "Kai, madalla! Ashe har an kai nan?" Ya ƙwanƙwasa ya yi sallama.

"Wane ne?" in ji Iya daga ciki.

Aka ce kansila ne.

"To, a ɗan dakata."

Ya dakata. Ya duba agogo, ya gyara hula, ya sake dubawa. Masu hoto suka yi ta ɗaukarsa a jikin ƙyaure. Tela ya ja hannun rigarsa yana cewa ranka ya daɗe, a leƙa ciki mana, amma kafin Iya ta buɗe lokacinsa ya ƙare. Ya gaishe ta a tsaye, ya yaba wa Kawu, ya shiga mota. Kuɗin nan aka karkatar da su zuwa wani sansanin da aka ce sun fi mu buƙata.

Da yamma muka yi wa Kawu ca, ni ce ma a gaba, don raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Matarsa ta sake tado maganar tukwane. Shi ko ya sunkuyar da kai yana murza fensir. Da na gaji da shi na juya kan Iya, na ce, "Ke ma Iya, me kike yi a ciki haka da kika shanya mutum?"

Ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Zama na yi. Tun da ruwa ya ci gidana, ba wanda ya tsaya a waje ya jira sai na ce ya shigo."

Kawu ya miƙe da niyyar cire ƙyauren, don ranar tela ke da layi. Tela ya riƙe masa hannu, ya ce a bar mata ya kwana.