Alhaji da Ƙwan Kunkurun Teku

Aikina na farko a Dubai a bakin teku ne, can wajen Jabal Ali, inda aka killace wani yanki na rairayi saboda kunkurun teku da suka kusa ƙarewa. Da zafi ya fara, matan kan fito daga ruwa su haƙa rami, su zuba ƙwai, su binne. Ni kuma da sassafe nake bin sawunsu, in gano ramin, in rufe shi da raga kada yanyawa ta tone.

A lokacin ina zaune a Muraqqabat, a falat ɗin wani Alhaji ɗan garinmu mai harkar kargo. Abokin mahaifina ne, shi ya ba ni gado tun zuwana. Ranar da ya ji irin aikin da nake yi, dariya ya yi har da buga cinya.

"Duk karatun nan, ashe gadin kunkuru ka zo yi."

Ba a daɗe ba ya kira ni kicin. Wai wani ya gaya masa ƙwan kunkurun teku na maganin ciwon baya.

"Ka ɗan kawo min, shwayya, kaɗan kawai."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Doka ta hana, kuma amana aka ba ni."

"Amanar kunkuru ta fi tawa ke nan?"

Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. In na zauna gaban tiren shinkafa sai ya tsame hannu ya tashi. Ya ce takalmina na cika masa gida da yashi, kayana na ƙarni. Sauran 'yan ɗakin suka fara kauce min, don a ƙarƙashinsa suke ci. Har gida ya buga waya ya ce na zama mai girman kai. Mahaifina ya kira ni, na faɗa masa yadda aka yi. Ya ce in bi Alhaji a hankali, amma kada in taɓa abin da ba nawa ba.

Wata Juma'a da safe ina durƙushe kan wani sabon rami, mai gadin ƙofa ya kira ni ta rediyo. Bahaushe ne ɗan Zangon Kumasi. Ya ce ga wani a mota, wai kawuna ne, yana son shiga. Na zo na tarar da Alhaji, da kular zuba ƙwai a kujerar baya.

"Gaya masa ya buɗe."

"Ba zan gaya masa ba, Alhaji."

"A gaban bare za ka tozarta ni?"

"Kai ka kawo kanka."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya ce, "Khalas, shi ke nan." Ya juya mota ya bar mu cikin ƙura.

Da na koma da yamma, kayana na bakin lif cikin buhu. Mai gadin nan ne ya samo min gado a ɗakinsu a Qusais, a can na ƙarasa lokacin ƙyanƙyasa.

Da sallah na haɗu da Alhaji a ƙofar wani masallaci a Buteen. Na miƙa masa hannu. Ya gaisa da na damana, ya gaisa da na haguna, ya sa takalminsa ya wuce.