Ranar da Na Cafke Ƙwallon Gwarzon Pakistan

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ban da ranar da na kusa ɓatawa da maƙwabcina a kan ƙwallon da ba ta fi lemo girma ba.

A garin Sterling muke, ƙofa da ƙofa da wani ɗan Pakistan, mutumin kirki, masallacinmu ɗaya. Ya daɗe yana lallaɓa wani tsohon gwarzon kurket, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, wanda ya yi shekaru yana buga wa ƙasarsu, ya zo ya taɓa wasa da 'yan unguwa. Da tsohon ya amsa, maƙwabcina ya cika gari da shela. Mutane suka yi ta zuwa da iyalansu da tukwanen shinkafa, don kawai su ga gwarzo riƙe da sanda.

Ranar wasa mutum ɗaya bai zo ba, aka jawo ni cike gurbi. Na ce ban san kan abin ba. Maƙwabcina ya ce, "Ɗan'uwa, da gefen tsohon za mu kara. Kai dai je can ƙarshen fili ka tsaya."

Bai gaya mini cewa in aka cafe ƙwallo a sama, mai bugu ya fita ke nan ba. Kuma kowa a filin, ban da ni, ya san ba a cafe ta tsohon nan, sai dai a yi kamar ta suɓuce. Ni kuwa tsohon gola ne tun Kaduna.

Bugun farko da tsohon ya yi, ƙwallo ta tashi ta nufo ni. Wallahi hannuna bai yi shawara da ni ba. Na daka tsalle, na cafke, na yi birgima, na miƙe ina jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa ta mayar da cokalinta cikin faranti. Maƙwabcina ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. Nan na gane na zubar masa da mutunci a gaban mutanensa.

Tsohon ya tako har inda nake, sanda a hannu. Ina waigen hanyar gudu na ce, "Baba, a yi haƙuri, ban sani ba."

Sai ya fashe da dariya ya rungume ni, idonsa da ƙwalla. Ya ce, "Tun da na yi ritaya, ko'ina na je yar da ita suke yi, suna zaton ba na gani. Yau ne aka ɗauke ni ɗan wasa." Ya ce a sake sabon zagaye, kuma ɗan Najeriyan nan kada ya motsa daga wurinsa.

Ya kuwa gasa mini aya a hannu. Ban sake taɓa ƙwallon ba sai dai in tsinto ta a ciyawa, jama'a na ta shewa, muryar maƙwabcina ta fi ta kowa.

Ranar na koyi cewa in kana ganin girman mutum, kada ka yi masa ƙarya da sunan tausayi. Yana gani, kuma ciwo take yi masa.