Ranar da Baba ya taɓa ƙasar filin Yelwa

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ranar da Baba ya cika jirginsa da mutanen Warra ya kai ni Yelwa gwajin ƙwallo ba za ta fita daga raina ba. Abin ya faru ne a shekarun farko da aka ba mu Jihar Kebbi, lokacin ina ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka.

Babana mai jirgin ruwa ne, yana ɗaukar mutane da kaya daga kwatar Warra zuwa ƙauyukan tsallake ranakun kasuwa. Bai taɓa sa ƙafa ya bugi ƙwallo ba, ban ma jin ya taɓa ganin babban wasa da idonsa. Duk iliminsa na ƙwallo daga wata 'yar rediyo ya samo shi, wadda yake ratayewa kusa da inji. A cikinta ya ji cewa akwai 'ya'yan talakawa da ƙwallo ta kai su Turai, shi ke nan ya yanke hukunci shi kaɗai cewa ɗansa yana cikinsu.

Hannuna ne ya ja mini. Tun ina ƙarami, in aka jefo igiya ko ƙullin kaya daga tudu zuwa cikin jirgi, ba ya wuce ni. Baba ya kalla ya kalla, ya ce ai wannan gola ne Allah Ya ba shi.

Filinmu kuwa tabki ne yake ara mana shi. In ruwa ya janye, yakan bar wani shimfiɗaɗɗen yashi mai laima, sai mu kafa filafili biyu su zama raga. A wannan yashin, inda ƙwallo ta sauka nan take zama, kamar an ajiye ƙwarya. Faɗuwa kuma daɗi gare ta, don haka nakan yi tsalle in zube ko da ƙwallon da zan iya ɗauka a tsaye ce, saboda in ji tafi. Da wasa muka fara, amma da Baba ya shigo ciki sai abin ya koma aiki. Kullum da yamma in ya ɗaure jirgi, sai ya jera samarin kwata su yi ta buga mini, shi yana bayana da hannuwa a ƙugu yana cewa, "Hwaɗi. Tashi ka ƙara hwaɗi." A rediyo ya lura cewa mai sharhi ya fi ɗaga murya in gola ya faɗi, saboda haka a wurinsa golan da yake tsaye malalaci ne.

Inna ba ta taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Takan kakkaɓe wandona ta ce, "Malam, wanga yaro gola kaka son shi zama ko tarwaɗa? Kullum shina birgima cikin yashi."

"Bari ki gani ranar da za shi aiko miki mota daga Turai," in ji Baba.

"Shi aiko sabulu tukuna."

Ni dai ban yi dariya ba a lokacin. Ƙwallon ta fara gundurata, kuma Turai tsoro take ba ni, ni da ko Kontagora ban taɓa zuwa ba. Amma akwai wani kallo da Baba yake yi mini in na cafke ƙwallo, fuskarsa duk ta washe, kuma na sa a raina cewa ranar da na kasa, wannan kallon ya tafi ke nan. Shi nake tsoron rasawa, shi ya sa ban taɓa buɗe baki na ce na gaji ba.

Da labari ya zo cewa za a tara yara a Yelwa a zaɓi waɗanda za su buga wa sabuwar jiha, Baba bai bar kowa ya huta ba. Ya gaya wa masunta, ya gaya wa mata masu soya kifi, ya gaya wa fasinjan da bai tambaye shi ba. Ranar tafiya jirgi ya cika da 'yan rakiya, har da mai kalangu. Tun muna kan ruwa ake yi mini kirari.

Filin Yelwa jar ƙasa ce, tsandauri, da tsakuwa a warwatse. Babu wanda ya kula da wannan a cikinmu, ai fili fili ne. Aka raba mu gida biyu, aka sa ni a raga, aka busa usur.

Ba a daɗe ba wani dogon yaro ya ɗago ƙwallo daga nesa. Na ga inda za ta sauka sarai, na fito da gudu na durƙusa in ɗauke ta kamar yadda na saba. Tana taɓa ƙasa sai ta tashi, ta bi ta saman kaina, ta shige raga a hankali. Na juya ina kallonta baki buɗe, don a rayuwata ban taɓa ganin ƙwallo ta yi haka ba. Fili ya ɗauki dariya, kalangu ya yi shiru.

Sai na jiyo muryar Baba daga gefe: "Hwaɗi mana, mi kaka jira?"

Na kuwa faɗi. Ƙwallo ta gaba na tashi sama na zube da gefen jikina, na ji kamar an maka mini taɓarya a ƙugu. Na tashi, aka sake bugowa, ya sake cewa in faɗi, na sake faɗuwa. Golan ɗaya gefen, wani yaro daga Shanga, yana tsaye abinsa yana tare ƙwallo da ƙirji, ni kuwa ina ta zubewa a kan tsakuwa, wasu in kama, wasu su yi tsalle su wuce. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, gwiwar hannuna duka biyu sun saɓule, jini yana bin yatsuna.

Ina zaune a gindin raga na hango Baba ya ratso fili da sauri, babbar rigarsa tana kaɗawa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya tsaya a kaina. Ya kama hannuna ya juya, ya ɗaga gefen rigata ya ga ƙugun. Daga nan sai ya tsuguna, ya bugi ƙasar da tafin hannunsa, ya sake bugu, ya kankare ta da farce ko gezau ba ta yi ba. Ya ɗebi tsakuwa ya murza a hannu ya daɗe yana kallo.

"A kan wanga nike ta ce maka ka hwaɗi?" Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. "Kai kuma kana ta hwaɗuwa?"

"Kai kac ce, Baba."

Kocin da ke zaɓen yara ya matso ya ce, "Baba, yaronka yana da hannu, ƙasar ce bai sani ba. In ana so ya ƙarasa wasan, sai ya ƙarasa. Amma in gaya maka gaskiya, ko Birnin Kebbi da sauran tafiya, balle inda na ji mutanenka suna faɗi."

Baba bai ko dube shi ba. Ni yake kallo, ya yi mini tambayar da bai taɓa yi ba tun da aka fara wannan magana: "Kai, mi kaka so?"

Hawayen da na riƙe tun a jirgi suka zubo. Na ce, "Ina son ƙwallo, Baba. Turai ta ban so."

Na ɗaga kai a tsorace in ga abin da ya rage a fuskarsa. Idonsa ya yi ja, amma kallon nan yana nan, har ya fi na da taushi. Ya cire hularsa ya danne mini ciwon da ita, ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni, muka ratsa fili a gaban duk mutanen da ya yi wa alkawari. Wani masunci abokin wasansa ya ce, "Mai jirgi, ina labarin Turai?"

Baba ya ce, "Su nemi nasu. Wanga golan nawa na, ba ni ba kowa shi."

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, ni ma ina da 'ya'ya, kuma nakan kama kaina ina shirya musu tafiyar da ba su ce suna so ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, yaro zai iya zubewa a kan tsakuwa har jini ya fita bai ce uffan ba, don kawai kada ubansa ya daina yi masa murmushi. Saboda haka kafin in ce wa ɗana ya faɗi, sai na tsuguna na taɓa ƙasar da hannuna, sannan in tambaye shi ko yana so.