Lambun Kimar Baraniko

Matso da tabarmar, jikata, ki rubuta yadda zan faɗa, kada ki gyara mini baki. Labarin Baraniko ne, maƙwabcinmu na ƙarshen gari, wanda aka binne bara.

Baraniko dai magana ba ta dame shi ba. Tun yana saurayi ake ce masa Kima, don halinsu ɗaya da babbar ƙumbar tekun nan: da inuwar mutum ta gitta, sai ya haɗe baki. Itatuwan kwakwarsa ba su da yawa, waƙa bai iya ba, in dattawa sun taru a zauren gari har mantawa ake yi yana zaune. Abu ɗaya ya sani, lambunsa na kima.

Can bayan gidansa, inda ruwa yake garai-garai bai wuce ƙugu ba, ya kewaye wani wuri da duwatsu. In ya fita kamun kifi ya tsinci 'yar ƙaramar kima, ba ya ci. Sai ya ɗauko ta a kwalekwale, ya zaunar da ita a lambun, bakinta na kallon sama. Ita kima rana take so da ruwa mai tsabta, kuma ba ta gaggawa. Yaro zai yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara hawan kwakwa, ita ba ta ƙara abin a zo a gani ba. A tsakiya akwai babbarsu, wadda ubansa ya dasa, ƙatti biyu ma sai da nishi suke ɗaga ta. Ita yake kira Uwa.

Ba don ado yake kiwonsu ba. In iskar yamma ta taso, teku ta haukace, kwalekwale bai isa ya fita ba, gidan da ba shi da ajiya sai gwaguyar kwakwa. Lambun nan shi ne rumbunsa, shi da matarsa Nei Marewe da jikokin da 'yarsu ta bar musu ta tafi birnin Tarawa neman aiki.

To, wata Asabar Nei Marewe ta dawo daga rijiya, ko sauke bokiti ba ta yi ba ta ce, "Maigida, ka ji? Yayanka Tekabu zai yi wa ɗansa aure. Jibi zai zo maka da bubuti."

Ke ma kin san bubuti, roƙon da ba a ƙi. Ɗan'uwa ya zauna a tabarmarka ya furta kalmar nan, ko rigar wuyanka ce sai ka tuɓe. Wanda ya ƙi, sunansa ya ɓaci har jikoki.

Baraniko ya ce, "Me zai roƙa?"

"Me gare ka? Haƙoranka? Kima mana! Ya kwashe su kaf, dangin amarya su cika tumbi, mu kuma iska ta zo mu dafa wa yara duwatsu."

"Yayana ne."

"Yayanka ne, ni kuma ni ake yi wa kukan yunwa. Abin da ido bai gani ba, ai ba a bubutinsa."

Maganar ta zauna masa. Ran Lahadi gari duk ya tafi coci, Nei Marewe ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Shi kuwa yana cikin ruwa, yana loda kimarsa a kwalekwale. Ya kai su wani lungu, ƙarƙashin itatuwan nan masu tsirowa cikin laka, inda ba mai leƙawa. Ya san wurin inuwa ne, ya san ruwan gurɓatacce ne. Wa ya fi shi sani? Ya dai shafa su ya ce, "Kwana biyu ne, ku yi haƙuri." Uwa ce kaɗai ta gagare shi ɗauka, ya bar ta.

Washegari sai ga Tekabu, mutum mai ƙatuwar murya, tun daga nesa yana kira, "Kima! Buɗe bakin mana, ba da wuƙa na zo ba!"

Aka shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwan kwakwa, ya goge baki, ya ce, "Ƙanena, da bubuti na zo. Uwa nake so. Ita kaɗai. Babanmu ne ya dasa ta, ina so jikansa ya ci aure da ita. Sauran ka bar wa yaranka, iska na tafe, ni ba mahaukaci ba ne."

Baraniko ya dubi wajen lambun. Ya ce, "Taka ce, Yaya."

Suka shiga ruwa don su ɗauko ta. Tekabu ya tsaya turus. Lambu fayau, sai gurabe a cikin yashi.

"Ina sauran?"

Baraniko ya haɗe baki. Daga bakin ruwa Nei Marewe ta ɗaga murya, "Ciwo ne ya shige su, Yaya, duk suka mutu."

Tekabu ya dubi guraben, ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Lallai ciwon nan mai tsabta ne, har ɓawon ya share." Suka ɗora Uwa a kwalekwale, ya tafi da ita.

Kafin yamma labari ya zaga gari cewa lambun Baraniko ya mutu. Mutane suka yi ta zuwa jaje, yana karɓa da kai a sunkuye. To yanzu ya dawo da su ya ce me? Sun tashi daga matattu? Ai ya mai da matarsa maƙaryaciya ke nan a idon duniya. Ga kuma matan biki kullum suna wajen lungun nan suna saran itacen girki. Ya ce bari a gama biki. Bikin kuwa ya yi ta jan ƙafa, jirgin dangin amarya bai iso da wuri ba. Ana cikin haka aka kwana biyu ana tafka ruwan sama, laka ta gangaro ta rufe lungun.

A wajen biki aka miƙo masa naman Uwa a ganye. Ya riƙe, ya kasa kaiwa baki.

Da aka watse ya garzaya lungun. Wari ne ya fara yi masa maraba. Duk sun wangale baki, ƙaguwa na shiga tana fita. Kima ba ta wangale baki haka sai ta mutu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, ko wata za ta motsa ta rufe. Babu.

Da ya koma gida Nei Marewe ta dubi fuskarsa kawai, ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

Iskar yamma kuwa ba ta makara ba. Teku ta rufe, kwakwa ta gundure yaran, ƙaramar cikinsu ta kama gudawa. Baraniko ya tashi cikin iskar nan ya tafi gidan Tekabu, ya zauna a tabarma.

Tekabu ya ce, "Faɗi mana, ƙanena. Kalma ɗaya ce, ba ta cizo."

Da ƙyar ta fito. "Bubuti, Yaya. Abin da yara za su ci."

Tekabu ya miƙa hannu sama ya sauko da ƙunshin busasshen kifi, da wani ɗan ƙunshi daban. Ya ce, "Wannan na Uwa ne, na sa gishiri na ajiye wa yaranka. Ni nawa abincin a nan yake rataye, inda kowa zai gani."

Yaran sun ci, sun rayu. Baraniko ya sake tara 'yan ƙananan kima a lambun, amma tsufa ya riga shi. Ran da ya rasu babbarsu ba ta wuce tafin hannu ba. Ɓawon Uwa kuwa yana nan ƙofar gidan Tekabu, kaji ke shan ruwa a ciki. Ta nan hanyar coci ta bi, amma har ya rasu, duk Lahadi Baraniko sai ya zaga ta bakin ruwa, ko da teku ta cika, ya isa coci da jiƙaƙƙen zane.