Allurar da Inna ta ajiye

Inna ce mai wankan gawar mata a unguwarmu ta Majidaɗi. A ƙasa ake wankan, bisa tabarma, mai yin sa kuma a durƙushe take har ta gama. Tun suna 'yan mata ta yi wa yayarta alkawarin ita za ta wanke ta.

Shekarar da Jalingo ta zama babban birnin jiha gwiwoyin Inna suka fara ƙara in za ta tashi. Babu abin da ba mu gwada ba. Wani wanzami daga Iware ya kafa mata ƙaho, ya bar mata tabo kawai. Muka shafa man shanu da citta har ɗakin ya koma warin kicin. Ni 'yarta da na yi boko na ja ta asibiti ina ta cika baki.

Likitan ya ɗaga hoton ƙafarta, ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, ƙashi yana goga ƙashi. Ka riƙe sanda, ka rage jiki, ka bar durƙusa."

Inna ta ce, "To a tsaye zan wanke mutane?"

Ƙwayoyin da ya ba ta suka ƙona mata ciki. Sabuwar gwiwa kuwa, ya ce sai ƙasar waje. Allura ce kaɗai ta yi aiki: in an soka mata a gwiwa takan yi wata biyu tana durƙuso. Amma ya ce sau uku zai yi, ba ƙari.

Ta karɓi biyu, ta ƙi ta ukun. Yayarta na kwance a lokacin, Inna ta ce ta ajiye ta ne don ranar wankanta. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta toshe kunne. Shekara guda tana sallah a zaune, tana kuka in za ta sauko daga gado. Har yau ina jin haushin wannan shekarar.

Yayar ta rasu ranar Asabar da hantsi. Na ruga asibiti, aka ce likitan yana Yola sai Litinin. Jana'iza kuwa bayan azahar.

Ni da wata maƙwabciya muka riƙe Inna, ta yi ƙoƙarin durƙusawa sau uku, gwiwar ta ƙi. Aka kawo mata kujera. Ni na durƙusa, tana faɗa mini inda zan zuba ruwa.

Ran Litinin na ce mu je a yi allurar. Ta ce, "Don wa?"