Da Rubu'in Tanki Zuwa Keita

Ban taɓa mantawa da ranar da muka bar Buza da rubu'in tanki ba, ga allurar rigakafi a bayan mota, ƙanƙarar da ke tsaronta tana narkewa. Tunda ku sababbin direbobi kun ce in ba ku labarin, ga yadda abin ya faru.

Lokacin ina direba a wani foroje, wato shirin tallafi, mai kula da lafiyar dabbobi, ofishinmu yana Madawa. Ƙa'idarmu ita ce direba ba ya fita sai da takardar misiyo, wato ta izinin tafiya aiki, mai sa hannun shugaba. Sannan shef, wato mai kula da garaji, ya ba shi bon, wato takardar da zai miƙa a gidan mai a zuba masa isansi. Shef ɗinmu Malam Idi ne, tsohon makanike, mutum marar yawan magana.

A shekarar aka kawo mana mota ibirid, mai inji biyu, ɗaya na isansi, ɗaya na lantarki, da babban batir ƙarƙashin kujerar baya. Direbobi suka sa mata suna Bebiya, don tana tashi ba a jin ƙara. Ba wanda ya so ta. Duk mun saba da kat-kat, babbar motar shiga daji mai gurnani, muna ganin wannan ba za ta iya duwatsun Adar ba. Da aka ce ni zan riƙe ta, Malam Idi, wanda ya je Yamai ya koyo sha'aninta, ya riƙa zama gefena muna zuwa Sabon Gida muna dawowa.

"Sha'aibu, wagga mota ba ta son hushi," in ji shi. "In ka taka ta da ƙarhi, injin isansi na tashi shi sha mai. In ka bi ta sannu, batir na taimakonta. Birki kuma tun daga nesa za ka soma shi, da sauƙi, don gudun da ta rage ba ɓacewa shikai ba, wuta shike zama ta koma batir."

Ya nuna mini wata 'yar kafa mai raga a gefen kujerar baya, inda batir ke shaƙar iska. Ya ce in kaya suka toshe ta, batir zai yi zafi ya rage aiki, inji ya ɗauki nauyin duka.

Cikin bazara, a lokacin da isansi ya yi wuya a ko'ina, aka tura mu mu yi wa awaki da tumaki rigakafi a ƙauyukan Babankatami. Shugabar tafiyar Dokta Ramatu ce, likitar dabbobi, mace mai zafin aiki. Muka gama, muka biyo Buza don mu sha mai mu koma gida. Gidan mai ya ce ba ko ɗigo. Masu sayarwa a kwalabe ma sun tattara teburansu. Bon ɗin da ke aljihuna ya zama takarda kawai. Ban damu sosai ba, don abin da ke tanki zai kai mu Madawa.

Muna tsaye wayar Dokta ta yi ƙara. Ma'aikacin dabbobi na Keita ne. Ya ce cuta ta shiga garuruwan da ke kusa da wani ƙauye a bayan tsauni, awaki suna majina da zawo suna faɗuwa. Ƙauyen kansa bai kamu ba tukuna, amma a rijiya ɗaya duk suke shayar da dabbobi. Shi ba shi da allura. Yana dai da tano, wato ganga, guda na isansi a ajiye, in mun iso Keita zai cika mana.

Mu kuwa muna da ragowar allura a galasiyar, akwatin sanyi ke nan. In muka koma Madawa, kafin a sake rubuta misiyo, a samo mai, cutar ta gama da ƙauyen. Awakin nan kuma yawanci na mata ne, da su suke sayen hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka.

Dokta ta kira shugaba, ya ce ya yarda in direba ya yarda. Ta juyo gare ni.

"Malam Sha'aibu, gaya mini gaskiya. Muna isa?"

Na duba ma'aunin mai, na tuna hawa da gangaren hanyar, da ratsen da za mu yi zuwa ƙauyen. Na ce, "Madam, ina sa rai, amma ban yi miki alkawari ba. Kuma sai an tahi yadda ni ce. Ba gudu, ba kunna kilim don sanyaya mota."

Ta ce, "Ƙanƙarata fa? In ta narke, allurar ta zama ruwa."

Nan muka tsaya. Ita tana bukatar sauri, ni ina bukatar sannu, kuma kowannenmu yana da gaskiya. Ita ce ta samo mafita. Ta sayi buhun garara a bakin kasuwa, ta jiƙa shi sharkaf, ta naɗe galasiyar da shi. Ta ce hakan zai ƙara mana lokaci, amma kada in wuce la'asar a hanya.

Ni kuma na sauke duk abin da ke saman mota, tanti da tebur da kujeru, har ƙarfen ɗaura kayan, muka ba mai gadin ofishin dabbobi ajiya. Kayan sama suna tare iska, mota tana shan mai don ta ture ta. Na je wurin mai faci ya daidaita iskar tayoyi, don taya mai laushi ita ma mai take ci. Na janye galasiyar daga bakin kafar batir. Na kira Malam Idi na shaida masa. Ya ce, "Kada ka bari tanki shi bushe ƙaf. Batir kaɗai ba ya kai ku nesa. Allah shi kiyaye hanya."

Muka kama hanya, gilasai a ɗan buɗe, zafi kamar a bakin murhu. Wanda ya san hanyar nan ya san hawa ce da sauka, tudun dutse sannan kwari. Idan na hango hawa, sai in tara gudu kaɗan tun a ƙasa, in bar ta ta hau da abin da take da shi, ko da tana raguwa. Idan muka kai gangare, in ɗage ƙafa, inji ya mutu da kansa, in ɗora ƙafa a birki da sauƙi har ƙasa, ina kallon alamar batir tana cika. A cikin kwari, inda ramuka suka hana gudu, da wannan wutar muke tafiya, ba ƙara sai ta tsakuwa. Wani mai amalanken jaki da muka wuce ya bi mu da kallo, yana neman inda ƙarar take.

Ina ganin Dokta tana kai hannu baya tana taɓa buhun. Sau ɗaya ta ce, "Ba ka ƙara ko kaɗan?" Na ce, "In na ƙara nan, can gaba za mu biya." Ta gyaɗa kai, ta zuba ruwan shanta a kan buhun.

Muka isa ƙauyen rana ta karkata. Ta buɗe galasiyar, ta sa hannu, ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauran sanyi." Mata suka yi ta fitowa da awaki, wasu a igiya, wasu a kafaɗa. Na naɗe hannun riga ina kama mata su tana soka allura, har kwalba ta ƙarshe.

Da na tada mota, fitilar mai ta kama. Akwai sauran tafiya, da hawa guda mai tsawo kafin Keita. Ina tsaye ina lissafi a raina, wani magidanci mai suna Alasan ya matso ya tambayi abin da ke faruwa. Na gaya masa. Ya tafi ya turo babur ɗinsa, ya cire tiyo, ya tsiyaye abin da ke ciki a kwalba. Bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba.

Na ce, "Kai fa? Ka san ba a samu."

"Kasuwa za ni gobe, kuma ƙahwata ta san hanya," in ji shi. "Ku da kunka zo don bisashen matanmu, ba ku kwana daji."

Na tace shi da ƙyalle mai tsabta na zuba. A kat-kat, wannan kwalbar ba za ta kai mu ko'ina ba. A wannan motar, da tafiyar sannu, ta hau da mu tudun, muka gangara Keita ana kiran magariba.

Bayan makonni ma'aikacin Keita ya shaida mana cewa awaki kaɗan ne suka mutu a ƙauyen. Dokta ta nemi a koya wa duk direbobin foroje irin wannan tuƙin, aka ɗora mana aikin ni da Malam Idi. Ko a kat-kat mun ga bambanci.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, tattalin mai ba rowa ba ce, kuma ba don a faranta wa ofis rai ake yinsa ba. Litar da ka rage a gangare ita ce za ta kai ka ƙauyen da ba ya cikin takardarka. Na kuma gane direba ba ya isa shi kaɗai, komai gwanintarsa. Don haka in kun hau motar nan, ku sassauta ƙafa, ku duba tayoyinku, kuma in kun shiga ƙauye ku sauko ku gaida mutane.